Goron da Sanusi Bai Ba Ni Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar surukina Malam Sanusi, mijin 'yata ta fari. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo, abin da ake tsammani daga bakin dattijo irina shi ne addu'a da yabon hali, kuma na yi su, ba zan daina ba. Amma bana da kishi na zo, kuma ba zan sakaya ba. Kishin Alhaji Lawali mai kemis na Tsafe nake yi, mutumin da Sanusi ya lallasa a gaban jama'a a wasan ces. E, wanda aka ci nake kishi. Mai dariya ya yi dariyarsa, amma ya bari in kai ƙarshe.

Ga wanda bai sani ba, ces ita ce wadda wasu ke ce wa darar Turawa. Mutum biyu ne, ɗaya da farare, ɗaya da baƙaƙe, kowa da sarkinsa da sarauniya da dawaki da ƙananan sojoji, kuma wanda aka ritsa sarkinsa ya rasa mafita shi ya sha kashi. Duk wanda ya shiga gasa ta ƙa'ida ana ba shi maki, lambar da ke nuna ƙarfinsa, tana hawa in ya ci, tana sauka in an ci shi. Mu masu irin wannan maki a ƙasar Zamfara ba mu da yawa. Mota ɗaya za ta kwashe mu, har a samu wurin kaya.

Ni na koya wa Sanusi wasan. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Bungudu, shi kuma ɗalibi ne daga Karakkai, siriri, mai yawan tambaya har ya gundure ka. A wancan lokaci cin sa nake yi yadda na ga dama, ina shan shayi ina cin sa, wani lokaci ma in cire sarauniyata in ajiye gefe, in kuma ci shi. Idan wasa ya kama shi yakan ciji leɓensa na ƙasa, ya ɗago ya zuba mini ido tsakar ka, ba kunya ba tsoro, kamar zai karanto abin da ke cikin kaina. Ina son wannan kallo. Duk malamin da ya taɓa samun ɗalibi na gaske ya san abin da nake nufi.

Sai ya tafi karatu, ya yi shekaru, ya dawo wani mutum daban. Labari ya riga shi isowa cewa yaron Karakkai ya addabi mutane a can, makinsa ya wuce nawa, ya wuce na kowa a nan. Na yi murna, na kuma wasa wuƙata. Na ce to madalla, yanzu ne za a yi ta, zan ga abin da na shuka. Na goge allona, na ajiye a zaure ina jira. Ya zo kuwa, amma ba wasa ya kawo shi ba. Manyansa ya turo, neman auren 'yata.

Wa zai ƙi Sanusi? Na ba shi da hannu biyu, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba, don ya riƙe ta da mutunci har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da ban lissafa ba, ni malamin lissafi, shi ne surukuta. Tun daga ranar da aka shafa fatiha, Sanusi bai ƙara kallon tsakar idona ba. Daga bakin zaure zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ni kansa a ƙasa. Ba ya cin abinci inda nake. Idan ya hango ni a hanya zai sauka daga babur tun daga nesa. Na ba shi lokaci, na ce sabon abu ne, zai saki jiki. Ran nan na jawo allo na ce, "Sanusi, zauna mu taɓa." Ya sake sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi mini afuwa." Ko da na matsa, abin da ya yi ta maimaitawa ke nan. Yaron da nake ja wa kunne a aji, yau ni ne Baba, kuma ba a cin Baba.

A gasa kuwa ba kai ke zaɓen abokin karawarka ba, alƙali ne ke haɗawa. Tun da ba mu da yawa, dole wata rana sunana ya faɗo kan nasa. Karon farko da hakan ta faru a Gusau, Sanusi bai zo ba sam. Na zauna ni kaɗai gaban allo, agogon wasa yana ta tafiya, har lokacinsa ya ƙare aka ba ni ci a banza. Ashe yana can bayan masallaci a zaune, yana jiran a tashi. Kai, ranar raina ya ɓaci! Na aika masa ta bakin mai ɗakina cewa in ya sake yi mini haka, to ya raina ni. Sai ya samo wata dabarar. Duk sanda aka haɗa mu zai zo, ya zauna a gefen kujera, ya yi 'yan taku kaɗan marasa haɗari, sa'an nan ya ce a hankali, idonsa a kan allo, "Baba, canjaras." Ni kuma in ƙi? A gaban mutane, in ce wa mijin 'yata a'a, sai mun yi faɗa? Haka nan zan miƙa hannu, ya karɓa da hannu biyu. Mutane su yi ta cewa kai, Malam ya yi dacen suruki, ga ladabi ga biyayya. Ni kuwa in koma gida ina ta huci.

To, a zo kan Alhaji Lawali. Ba ni da abin da zan ce a kan halinsa, mutumin kirki ne, hannunsa a sake. Amma a wasa, duk abin da ya iya a wurina ya tsinta. Kowane ɗan wasa yana da yadda yake buɗe wasansa, wato takun farko-farko da ya saba da su. Ni idan ina riƙe da baƙaƙe, tun ina saurayi buɗi ɗaya nake yi, wanda a littattafai ake kira kariyar Faransa: ka tura sojan gaban sarki taku ɗaya kawai, ka gina katanga, ka lafe a bayanta har abokin karawa ya gaji ya yi kuskure. Duk Gusau an san ni da ita. Lawali ya yi shekaru yana tsaye a bayana yana leƙe, har ya kwashe ta tsaf ya mai da ita tasa. Ban taɓa yi masa magana ba, kariyar ba gadon gidanmu ba ce.

Gasar da nake magana a kai da damina aka yi ta, a wani ɗakin taro a Gusau, shekarar da ta zama ta ƙarshe ga Sanusi, ko da yake babu wanda ya sani. Aka haɗa shi da Lawali, Sanusi ke da farare. Ni na gama nawa wasan da wuri, sai na zo na tsaya daga baya, inda ba zai gan ni ba, don na san in ya gan ni zai takura. Lawali ya gina katangata, taku bayan taku, yana wani gyara hula. Sai kawai Sanusi ya ɗauki sojan gefe, na ɓangaren sarauniya, ya tura shi inda za a cinye shi a banza. Lawali ya duba, ya sake dubawa, ya cinye. Sanusi ya miƙa masa wani. Ya sake cinyewa, bakinsa har kunne. Wani a kusa da ni ya yi raɗa ya ce Malam Sanusi goro yake rabawa yau. Daga nan sunan ya samo asali, har yau goron Sanusi ake ce wa wannan buɗi a wajenmu.

Ni dai na ga abin da Lawali bai gani ba. Sojan da ya je cin goron shi ne wanda ya kamata ya tsaya yana takura tsakiyar allo. Da ya kauce, tsakiya ta zama ta Sanusi shi kaɗai. Lawali ya gaggauta ya ɓoye sarkinsa a kusurwa, yana ganin ya tsira da riba. Nan fa Sanusi ya ɗauki giwarsa, wadda ke tafiya a karkace, ya jefa ta kan sojan da ke tsare sarkin, ita ma ya bayar. Doki ya biyo, sarauniya ta biyo. Ruwa na zuba a kan kwanon rufi, amma ɗakin tsit, duk an bar sauran wasanni an zagaye su. Lawali ya cire hula ya ajiye, gumi na keto masa.

A nan ne na matsa gefe kaɗan, na ga fuskar Sanusi. Ya ciji leɓensa na ƙasa. Ya ɗago ya zuba wa Lawali ido tsakar ka, ba kunya ba tsoro. Kallon nan ne, wanda na yi shekaru ina nema, ga shi yana ba wa mai kemis na Tsafe kyauta. Kariyata ce ake rushewa, katangar da na yi rabin rayuwata ina ginawa, kuma ɗalibina ne ke rushe ta, amma wani ne zaune a kujerar. Lawali ya kwantar da sarkinsa, alamar ya miƙa wuya, aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, kada a ce wani abu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Al'adar masu wasan nan ce, idan an gama, waɗanda suka kara su koma gefe su sake jera allo, su bi wasan daga farko, kowa yana faɗin abin da ya yi tunani, da inda ya ji tsoro, da abin da ya so yi bai yi ba. Duk wanda ya san ces ya san nan ne daɗin yake. Suka zauna a baranda, kai da kai, Sanusi yana magana yana dariya har da tafa hannu. Na san in na matsa kusa zai miƙe tsaye ya yi shiru, hirar ta mutu. Sai na tsaya can nesa ina kallon ruwan sama, kamar mai jiran ya ɗauke. Bayan 'yan watanni ciwo ya kwantar da Sanusi, bai tashi ba.

Tun daga lokacin, wasan nan ya zama na Lawali. Duk inda aka taru, shi ake cewa ya ba da labari. Zai gyara zama ya ce, "Ranar da marigayi ya kashe ni," yana faɗa yana jin daɗi kamar wanda aka naɗa wa rawani. Kowace shekara labarin ƙara tsawo yake yi, har ruwan saman ma ya zama da tsawa da walƙiya. Baƙi in sun zo suna tambayar waye Sanusi, Tsafe ake nuna musu. Ni da na koya masa yadda doki ke tsalle, ni da jikokina ke ɗauke da jininsa, sai dai a ce, ga surukinsa can, Allah sarki, ai kullum canjaras suke yi. Ina ji, ina murmushi, ina cewa haka ne. To me zan ce?

Nakan tambayi kaina, da Sanusi zai leƙo yau, me zai ce? Inuwar da muke taruwa bayan la'asar ta watse. Na Bungudu ba sa son yamma ta yi musu a hanya, na Tsafe ma haka, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Wani na Magami da ke zuwa mana jefi-jefi, rabon da in gan shi har na manta. Matasa sun koma wasa a waya da mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma da an gama sai su tambayi na'ura ta gaya musu inda suka yi kuskure, ba baranda ba hira. An ce mini ma na'urar ta duba goron Sanusi ta ce ba shi da inganci, wai in mai baƙaƙe ya san abin da yake yi, shi ke da riba. Ka ji fa! Ina jin da dariya zai yi, ya ce ai shi ba da na'ura ya yi wasa ba, da mutum ya yi, mutum kuwa yana da kwaɗayi. Ta wani gefen kuma ina ganin da ya so wayar, don da ita ko suruki za ka iya ci ba tare da kun haɗa ido ba. Wannan tunani ya fi komai ci mini rai.

Bana da lokacin ya matso, na kasa zaune na kasa tsaye. Shekaru sun ja, idona ya fara rauni, hannuna yana rawa in na ɗauki soja. Na ce kafin in bi Sanusi, sai na zauna a kujerar nan ko da sau ɗaya, an yi mini wannan buɗi, in ga ko zan tsaya ko zan faɗi. Mutum ɗaya ne ya san shi ciki da waje, kuma shi ne wanda ba na son roƙo. Na haɗiye girman kaina, na ɗauki allona, na shiga motar Tsafe da hantsi, iyalina suna ta faɗa.

Na same shi a kemis. Ya yi mamaki, ya rasa inda zai sa ni, ya sa aka kawo fura. Na ce ba fura ta kawo ni ba. "Alhaji, ka ɗauki farare. Ka yi mini abin da ya yi maka, taku bayan taku, kada ka rage komai. Kuma in ka ce mini canjaras, ni da kai har abada."

Ya janye labule, muka zauna a bayan kanta. Na gina katangata. Ya miƙo goron farko, na karɓa. Ya miƙo na biyu, na karɓa. Hannun Lawali ne, mai kauri, da zoben azurfa, amma takun na Sanusi ne, kuma na ji su a jikina. Kowane ɗaya an auna shi daidai da inda na saba sa ƙafa. Muka iso inda Lawali ya ɓoye sarkinsa a kusurwa ranar nan. Ni kuwa duk wanda ya san wasana ya san ba na gaggawar ɓoye sarki. Na bar shi a tsakiya, na tura sojan da ke gefensa gaba, ya tare wa giwar hanya. Na ɗago na ce, "Bismillah."

Lawali bai taɓa komai ba. Ya tsura wa allo ido, sa'an nan ya jingina da bango ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

"Malam, wanga wuri ne iyakata," in ji shi. "Ranar nan a baranda, da munka iso nan, shi da kansa ya ɗauki sojan ga ya sa inda ka sa shi yanzu. Ya ce, Baba ba zai ɓoye sarki ba, nan zai sa. Duk hirar da ka gani muna yi, rabinta kai ne. Baba zai yi kaza, Baba ba zai yarda da kaza ba."

Na ce, "To, da ya sa nan ɗin, sai me? Me farare za su yi?"

"Na tambaye shi. Wallahi na tambaye shi, har da roƙo. Ya ce yana da amsa, ya daɗe da samo ta. Ya yi dariya ya maida sojan, ya ce wannan ta Baba ce, ba a ba wani." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Kai kana ganin na samu wani abu. Ni ragowarka anka ba ni, Malam. Shekara bakwai ina ba da labarin rigar da ba a ɗinka don ni ba, kuma na sani."

Ya zaro wayarsa ya ce bari a tambayi na'ura, ai yanzu za ta faɗa. Na dafe hannunsa na ce ya mayar da ita aljihu. Na'ura za ta faɗi tata amsar, wataƙila ma ta fi ta Sanusi kyau, amma ba ita na zo nema ba. Muka bar allon yadda yake har aka kira azahar.

Kada mai karatu ya ɗauka kishin ya tafi. Yana nan daram. Lawali ya ga idon, ya ji dariyar, ya sha dukan daga hannun mai shi, ni kuwa labari aka ba ni. Ina kuma jin haushin Sanusi, Allah ya gafarta masa, irin haushin da ake ji wa wanda ake ƙauna. Ya zauna shekaru yana ƙera mini makami, ya san ni fiye da yadda na san kaina, amma kunya ta hana shi ɗaga hannu. Ladabin nan da kowa ke yabo, ni ne na biya kuɗinsa, shi ma kuma ashe ya biya. Ba na cewa a bar kunya, da ita aka san mu. Ina dai cewa da ya ci ni sau ɗaya, ko a ɓoye ne, a zaure, ƙofa a rufe, da ban rage masa ko ƙwayar zarra na girma ba.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Sanusi, akwai 'ya'yansa masu kama da shi, akwai ɗaliban da ya koyar, akwai goronsa da ake ta miƙa wa juna daga Gusau har Furfuri, ko na'ura ta so ko ta ƙi. Nawa rabon kuwa yana zaurena. Da na dawo daga Tsafe na jera allon daidai inda muka tsaya, sarkina a tsakiya, sojana a gaba, na hana kowa taɓawa. Kowace safiya in na dawo daga masallaci nakan zauna ta ɓangaren baƙaƙe in duba, in ce ko doki zai ɗauka, ko sarauniya. Ba na zagayawa ɗaya ɓangaren, ba kujerata ba ce. Na yi nawa takun, Sanusi. Saura kai.

Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.